Kallon Fim Mai Wasa da Hankali

Kowa ya sani ɗan Adam ba ya son tsoro. In aka ce wa yaro akwai kura a bayan gari, ko da alewa aka haɗa shi ba zai bi ta can ba. Amma ga wani abin mamaki. Mutum da hankalinsa sai ya yi wanka, ya sa tufafinsa masu kyau, ya tafi sinima ya bi layi, ya zaro kuɗinsa ya sayi tikiti, don kawai a zaunar da shi cikin duhu a tayar masa da hankali har kusan awa biyu. In an tashi kuma sai ya fito yana murna, yana gaya wa abokansa kada su yarda wannan fim ya wuce su. To, ya ku 'yan'uwana ɗalibai, wannan al'amari shi nake so mu duba tare. Nufina in nuna cewa a irin wannan fim, mafi yawan tsoron da mai kallo ke ji shi da kansa yake ƙera shi a cikin ransa, masu shirya fim ɗin kayan aiki kawai suke miƙa masa.

Da farko dai ya kamata mu san irin fim ɗin da ake magana a kansa, gama fina-finai iri iri ne. Akwai na Indiya masu soyayya da waƙa da rawa. Akwai na Sin masu naushi da tsalle. Akwai na kaboyi masu doki da bindiga. Akwai kuma na dodanni da fatalwa, waɗanda ake nuna wata mummunar halitta tana bin mutane. Wanda nake nufi dabam yake da duk waɗannan. A cikinsa babu dodo, babu aljani, sau da yawa ma ba a harba bindiga ko sau ɗaya. Mutanen ciki irinmu ne, akawu ne, ko matar aure, ko mai gidan baƙi. Faɗan da ake yi a cikin zukata ake yinsa, wato shakka, da zargi, da ɓoye laifi, da rikicewar tunani. Mai kallo kuwa sai ya rasa wanda zai amince da shi, wani lokaci har ya daina amincewa da idonsa. Shi ya sa na kira shi fim mai wasa da hankali.

Gwanin wannan sana'a

In ana zancen wannan fanni, sunan da ake fara ambata shi ne Alfred Hitchcock. An haife shi a gefen birnin Landan a shekarar 1899, ubansa mai sayar da kayan lambu ne. Ya fara aikin fim a Ingila tun zamanin da fim ba ya magana, sa'an nan ya koma Amurka a 1939, can kuma ya rasu a 1980, bayan ya shirya fina-finai fiye da 50. Shi da bakinsa ya sha ba da labarin cewa yana ƙaramin yaro ubansa ya aike shi ofishin 'yan sanda da wata 'yar takarda, da ɗan sandan ya karanta sai ya kulle shi a ɗaki na 'yan mintoci, wai horo ne. Ya ce tun daga ranar tsoron 'yan sanda bai bar shi ba. Wanda ya kalli fina-finansa zai ga alamar haka, don sun cika da mutanen da ake farauta.

Fim ɗinsa da zan yi misali da shi sunansa Psycho, wanda ya fito a 1960. An ɗauko labarin daga wani littafi na Robert Bloch da aka buga a 1959. Kamfanin Paramount bai so ya zuba kuɗi a cikinsa ba, saboda haka Hitchcock ya ɗauki nauyin aikin da kansa. Ya yi amfani da ma'aikatan da ke yi masa shirin talabijin, ya ɗauki hoton baƙi da fari ko da yake akwai fim mai launi a lokacin, ya gama kome da kome a kan dala wajen 800,000, kuɗin da bai taka kara ya karya ba in aka gwada da na manyan fina-finan zamanin. Da fim ɗin ya fito sai ya mayar da kuɗinsa ninkin ba ninki.

Ga yadda labarin ya fara. Wata akawu ce mai suna Marion Crane a birnin Phoenix, tana son ta auri wani mutum da bashi ya yi wa katutu. Ran nan maigidanta na ofis ya ba ta dala 40,000 ta kai banki, sai zuciya ta ɗebe ta, ta zuba kuɗin a jaka, ta shiga mota ta gudu. Bayan doguwar tafiya, dare ya yi mata ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ta ɓace daga babbar hanya, ta faɗa wani masauki mai ɗakuna 12 wanda babu baƙo ko ɗaya a cikinsa. Mai masaukin wani saurayi ne mai kunya, Norman Bates, wanda ke zaune da tsohuwarsa mai faɗa a wani gida bisa tudu. Suka yi hira, har zuciyar Marion ta karaya, ta ƙudura da safe za ta koma ta mayar da kuɗin mutane. Ta shiga wanka ke nan, sai wata inuwa mai kama da tsohuwa ta yaye labule da wuƙa a hannu. Nan zan tsaya da labarin. Hitchcock ya roƙi masu kallo na 1960 kada su tona ƙarshensa, ni ma ba zan tona ba. Abin da za mu bi yanzu shi ne dabarun da aka yi amfani da su.

Dabara ta farko: a sa ka cikin rigar mai laifi

Kowannenmu ya san sata laifi ce. Duk da haka, minti kaɗan da fara fim sai ka tarar kana bayan Marion. Dalili kuwa shi ne kyamara ba ta rabuwa da ita, kuma abin da take gani shi kake gani. Tana tsaye da mota a mararraba sai ga maigidanta yana tsallake titi, ya waiwayo ya dube ta. Ta kwana cikin mota a bakin hanya, da ta farka sai ga fuskar ɗan sanda mai baƙin tabarau ta cika tagar. Tana tuƙi tana jin muryoyin mutanen ofis a cikin kanta suna tattauna ɓatan kuɗin. Kafin ka farga gabanka na faɗuwa tare da nata, kana fatan kada a kama ta.

Abin bai tsaya nan ba. Bayan an kashe ta, Norman ya zo ya share jinin, ya sa gawar a bayan motarta, ya tura motar cikin wani taɓo don ya rufa wa tsohuwarsa asiri. Motar ta fara nutsewa, sai ta tsaya cak, rabinta a waje. A hutun da ya wuce na kalli wannan fim tare da yayana a wani gidan sinima da ke nuna tsofaffin fina-finai, kuma a daidai wannan wuri na ji ɗakin ya yi tsit. Da motar ta ci gaba da nutsewa sai na ji mutane suna sakin ajiyar zuciya ta ko'ina. Ka ga mutanen kirki cike da ɗaki, amma duk sun taru suna fatan a ɓoye gawa! Babu wanda ya umurce su da haka. An dai sauya musu wanda kyamara ke bi ne, zukatansu kuwa suka bi kyamara kamar raƙumi da akala.

Dabara ta biyu: ka san abin da ɗan wasa bai sani ba

A 1962 wani mai shirya fim Bafaranshe, François Truffaut, ya yi doguwar hira da Hitchcock, aka buga ta littafi a 1966. A cikin hirar Hitchcock ya bambanta razana da zaman ɗar-ɗar, ya kuma kawo misalin da har yau ake koyar da shi. Mutum biyu ne zaune suna hira a tebur, akwai bom a ƙarƙashinsa. In mai kallo bai san da bom ɗin ba, sai kawai ya ji ƙara, to ya razana na sakan 15, shi ke nan. Amma in an nuna masa lokacin da aka dasa bom ɗin, aka sanar da shi ƙarfe ɗaya zai tashi, ga kuma agogo a bango yana nuna ɗaya saura kwata, to hirar banzar nan da suke yi ta zama abin tashin hankali har minti 15. Mai kallo zai ji kamar ya yi tsalle ya shiga allon ya ce musu su tashi.

Haka aka yi a kashi na biyu na Psycho. Wani mai bincike da aka aiko neman kuɗin ya shiga gidan da ke bisa tudu, yana hawan matakala a hankali, hularsa a hannu. Shi bai san kome ba, mu kuwa mun riga mun ga abin da ya faru a wurin wanka. Daga baya 'yar'uwar Marion ita ma ta shiga gidan tana leƙa ɗaki ɗaki. Ba abin da ake nunawa sai ƙofa da gado da madubi, amma sanin da muke da shi ya mai da kowace ƙofa abin tsoro. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a gare mu. Kakar da ta iya tatsuniya takan fara gaya wa jikokinta cewa dodo ya ɓuya a bakin rafi, sa'an nan ta sa yarinya ta ɗauki tulu ta nufi rafin tana tafe tana wasa.

Dabara ta uku: yanka hotuna da haɗa su

Fim ba wani abu ba ne illa hotuna marasa motsi da ake haskawa ɗaya bayan ɗaya, guda 24 a cikin kowane sakan, har ido ya ɗauka motsi yake gani. Tun daga nan ma ka ga ƙwaƙwalwar mai kallo ce ke cike gurbi. Amma akwai cike gurbin da ya fi wannan. A wajajen 1920 wani malamin fim a Rasha, Lev Kuleshov, ya yi wani gwaji. Ya ɗauki hoton fuskar wani ɗan wasa wadda ba ta nuna fushi ko murna, ya haɗa ta da hoton kwanon miya, ya sake haɗa ta da hoton gawa a cikin akwati, ya kuma haɗa ta da hoton yarinya tana wasa. Kamar yadda abokin aikinsa Pudovkin ya ba da labari, masu kallo suka yi ta yabon ɗan wasan, wai ya iya nuna zurfin tunani a kan miya, da baƙin ciki a kan gawa, da fara'a a kan yarinya. Alhali kuwa fuska ɗaya ce ba ta sake ba. Masu kallo ne suka ɗora mata abin da ke ransu.

Da wannan ilmi aka gina kisan wurin wanka. An yi kamar mako guda ana ɗaukarsa a watan Disamba na 1959. An kafa kyamara sau 78, aka yanka hoton sau 52, sukan kansa kuwa bai wuce sakan 45 ba. Abin da ake nunawa guntu-guntu ne: wuƙa ta ɗaga, baki ya buɗe, ruwa na zuba, hannu ya kare, ƙafa ta zame, labule ya tsinke. Babu inda aka nuna rauni a jikin matar. Jinin da ke gangarawa ma ruwan cakulan ne, don a hoton baƙi da fari ya fi fitowa kamar jini. Duk da haka mutane suka fito daga sinima suna rantsuwa sun ga an daddatsa mace, wasu har suna cewa sun ga jan jini a fim ɗin da ba shi da launi. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a nan ganin ma bai tsira ba. Ita kanta Janet Leigh, wadda ta fito a matsayin Marion, ta faɗa a hirarraki da yawa cewa tun da ta kalli wurin bayan an haɗa shi ta daina wanka a ƙarƙashin shawa sai in dole, ga shi kuwa tana nan aka ɗauki kome.

Dabara ta huɗu: sauti

Hitchcock ya so a bar wurin wankan ba kiɗa. Mai tsara masa kiɗa, Bernard Herrmann, bai yarda ba, ya je ya rubuta nasa, ya sa aka saurara, maigidan ya amince. Kiɗan fim ɗin gaba ɗaya da kayan tsirkiya aka yi shi, wato goge irin na Turawa manya da ƙanana, babu ganga babu kakaki. A wurin kisan sai gogunan suka riƙa ƙara mai tsini, tana maimaituwa kamar ihun tsuntsu ko kururuwar mutum. Ƙarar shigar wuƙa kuwa, wani ɗan itace dangin kankana aka riƙa soka wa wuƙa a gaban makirfo. Kunne ya ji suka, ido ya ga wuƙa, sai ƙwaƙwalwa ta haɗa biyu da biyu ta ƙirƙiro raunin da babu shi. Wanda ke son ya tabbatar, ya kalli wani wuri mai ban tsoro a kowane fim ya kashe sautin, zai ga rabin tsoron ya zube.

Me ke faruwa a jikin mai kallo?

Malaminmu na ilmin halittu ya koya mana cewa a can cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu 'yan sassa biyu ƙanana da ake kira amigdala, waɗanda aikinsu ya yi kama da na mai gadi. Da sun hango alamar haɗari sai su buga ƙararrawa, ba sa jiran sashen tunani ya gama bincike. Daga nan wasu ƙullutai da ke zaune a bisa ƙoda su saki wani sinadari mai suna adiranalin cikin jini. Zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya yi sauri, ƙwayar ido ta buɗe, tafin hannu ya yi gumi, jini ya kwarara zuwa manyan tsokoki. Wani masani ɗan Amurka, Walter Cannon, shi ya bayyana wannan hali a 1915, ya nuna cewa jiki na shirin ɗayan biyu ne, ko faɗa ko gudu. Mai gadin nan ba ya bambanta wuƙar gaske da hoton wuƙa a karon farko. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle, bayan ya dira ne zai gane tsumma ne.

To, a nan ne amsar tambayarmu ta farko take. Mai kallo yana da sani biyu a lokaci guda. Jikinsa na cewa ga haɗari, hankalinsa na cewa kana zaune a kujera, tikitinka na aljihu. Saboda haka yana ɗanɗana zafin tsoro ba tare da ya biya farashinsa ba. In kuma haɗarin ya wuce, bugun zuciyar nan ba ya kwanciya nan take, sai ya juye ya zama daɗi da sakin jiki, shi ya sa za ka ji mutane sun fashe da dariya jim kaɗan bayan sun yi ihu. Tun fiye da shekara 2,300 da suka wuce, Aristotal na ƙasar Girka ya lura cewa wasan kwaikwayo mai ban tausayi da ban tsoro yana wanke zukatan masu kallo. Ashe abin ya girmi sinima nesa ba kusa ba.

Me ya sa sai a sinima?

Yau ana iya kallon kowane fim a waya, mutum na kwance a gado. Na gwada duka biyu, kuma bambancin a fili yake. Abu na farko shi ne duhu. A sinima ba abin da ido ke gani sai allo, babu bango babu taga da za su tuna maka inda kake. Iyayenmu sun gaya mana cewa gidajen sinima na dā a garuruwanmu yawancinsu ba su da rufi, saboda haka sai dare ya yi ake farawa, duhun Allah shi ne labulensu. Na biyu shi ne girma. Fuskar da a waya ba ta kai tafin hannu ba, a sinima ta fi ƙofar zaure. Na uku, ba ka da iko da lokaci. Ba ka iya tsayar da fim ka sha ruwa, ba ka iya tura shi gaba ka leƙa ƙarshe, dole ka hau matakalar nan tare da mai bincike, taki ɗaya bayan ɗaya. Na huɗu kuwa shi ne jama'a. Tsoro yana yaɗuwa kamar hamma. In na kusa da kai ya ɗauke numfashi, kai ma sai ka ɗauke.

Hitchcock ya san duk wannan, har ya kafa doka a kai. A Amurka ta wancan zamani mutane kan shiga sinima duk sa'ad da suka ga dama, ko da fim ya yi rabi, su zauna har a sake shi daga farko su cike abin da ya wuce su. Shi kuwa ya sharɗanta wa masu gidajen sinima cewa da zarar an fara Psycho a rufe ƙofa, kome girman mutum ya jira nuni na gaba. Aka kafa hotonsa a bakin ƙofofi yana nuna agogon hannunsa. Ya kuma hana a nuna wa 'yan jarida fim ɗin kafin sauran jama'a. Hujjarsa ita ce Janet Leigh ce tauraruwar da aka fi sani a ciki, ga shi an kashe ta tun fim bai kai rabi ba, wanda ya makara zai zauna yana jiran fitowarta a banza. Da farko masu sinima sun ji tsoron hasara, sai ga layi ya miƙe har kan titi.

Abin da ya kamata a kiyaye

Tun da mun ga cewa irin wannan fim da hankalin mai kallo yake aiki, wajibi ne mu kula da abin da yake bari a cikin hankalin bayan an kunna fitilu. Abu na farko ya shafi masu taɓin hankali. A ƙarshen Psycho an kawo likitan ƙwaƙwalwa ya yi dogon bayani cewa mai kisan na fama da ciwon hankali. Fina-finai masu ɗimbin yawa sun bi wannan sawu, har ya zama kamar duk mai irin wannan ciwo makashi ne. Wannan kuwa ƙarya ce mai cutarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 2022 cewa mutum 1 cikin kowane 8 a duniya yana fama da wani nau'i na ciwon da ya shafi tunani, mafi yawa damuwa da baƙin ciki mai tsanani. Galibinsu ba su taɓa cutar kowa ba, sau da yawa ma su ake cuta. Wanda ya fito daga sinima ya ƙara ƙyamar bawan Allah da ke yawo a bakin kasuwa, ko ya ga yara na jifarsa ya yi shiru, to fim ya yi wasa da hankalinsa har waje. Ciwo ne kamar sauran ciwo, kuma akwai asibitocinsa, irin na Kaduna da Kware da Maiduguri.

Abu na biyu shi ne shekaru. Lokacin da Psycho ya isa Ingila a 1960, hukumar tace fina-finai ta can ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 shiga. A Nijeriya ma akwai hukumar tace fina-finai ta ƙasa tun 1993, wadda ke sa wa fim alamar shekarun da suka dace. Babba yana da sanin nan na biyu da ke gaya masa wasa ne, ƙaramin yaro kuwa nasa bai ƙosa ba, shi ya sa yakan kwana yana firgita. Kada ɗayanmu ya ja ƙanensa zuwa abin da zai hana shi barci don kawai a yi masa dariya.

Abu na uku shi ne mafi girma a ganina. Dabarun nan huɗu ba a sinima kaɗai ake aiki da su ba. Mai yaɗa jita-jita ma haka yake yi. Yakan nuna maka gefe ɗaya na labari har ka shiga rigar wanda yake so. Yakan ce maka akwai wani mugun abu da ke tafe wanda wasu ba su sani ba. Yakan ɗauko hoton wani wuri ya liƙa shi kusa da sunan wani wuri dabam, ya bar ka ka haɗa da kanka, kamar fuskar nan da kwanon miya. In bidiyo ne a waya har kiɗa mai tayar da hankali yakan sa masa. Bambancin kawai shi ne a sinima ka san wasa ka zo kallo, kuma bayan minti 109 za a buɗe ƙofa kowa ya tafi gida lafiya. Jita-jita kuwa ba ta da ƙofar fita, ta sha raba 'yan'uwa, ta sha jawo asarar rayuka.

Saboda haka shawarata ga wanda shekarunsa suka kai, kuma iyayensa suka yarda, ita ce ya kalli irin wannan fim sau biyu. Karo na farko ya saki jiki a tsorata shi, don abin da ya biya ke nan. Karo na biyu ya zauna kamar ɗalibi a aji, yana tambayar kansa: wa kyamara ke bi yanzu? Me aka sanar da ni wanda ɗan wasa bai sani ba? Me na gani da idona, me kuma na ƙara da kaina? Wanda ya saba da waɗannan tambayoyi a gaban allo, zai iya yinsu a gaban mai kawo masa labari a kasuwa ko a waya. Rashin sani ya fi dare duhu. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya kuma tsare mana hankulanmu, amin.